Kalmar 'Development' Da Abin Da Ke Ƙunshe Cikinta



Akwai wata kalmar Turanci da ta cika mana kunne a aji, yayyenmu da suka kama aikin gwamnati kuwa ba sa wuni ba su rubuta ta a fayil ba, watau 'development'. Tun da gobe mu ma za mu sa mata hannu, ya kamata mu san asalinta.

Turawan Ingila aro ta suka yi daga Faransanci, inda 'développer' ke nufin warware abin da aka naɗe, ko kwance abin da aka ƙunshe. Kishiyarta, 'envelopper', watau ƙunshewa, ita ce kakar kalmarmu ta ambulan. Ashe mun daɗe da 'yar'uwarta a gida ba mu sani ba! Da ta shiga Turanci ma ba ta bar wannan ma'ana ba. Da ita Bature ke faɗin wanke hoto, domin hoton yana cikin fim tun farko, ruwan magani fito da shi kurum yake yi.

Daga baya hukuma ta karɓe ta. A 1929 Majalisar Ingila ta kafa dokar raya ƙasashen da take mulka, ta sake wata a 1940, sannan a 1946 aka tsara wa Nijeriya shirin shekara goma. Ranar 20 ga Janairu, 1949, Shugaba Truman na Amurka ya yi jawabin kama mulki, ya ambaci ƙasashen da a ganinsa ba su samu wannan abu ba, ya ce za a kai musu. Nan kalmar ta juya. Abin da ake warwarewa daga ciki ya koma kayan da ake saukewa daga jirgin ruwa.

To, da me muka fassara ta? Masu fassara sun ce 'raya ƙasa'. Mu dai wannan ba ta kwanta mana ba, gama a wurin malaman fiƙihu ƙasar da ake rayawa ita ce matacciya, wadda ba mai ita. Shin haka Kano take, da karofinta na Ƙofar Mata da ayarinta mai zuwa Tarabulus? Waɗansu sun ce 'ci gaba', amma kowa ya san mai haƙan rijiya ma ci gaba yake yi. 'Bunƙasa' ta fi kusa, domin da ita muke kwatanta geron da ya samu ruwa da taki, sai dai ko ita ba ta ɗauko maganar warwarewar nan ba.