Darasin Da Na Koyo Daga Makarantar Sistoci

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyaye da 'yan uwa mazauna Sabo, ina yi muku fatan alheri.

Ni ba malami ba ne, ɗan kasuwar goro ne, karatuna na Islamiyya ne. An ce in yi magana a kan 'ya'yanmu mata da ke makarantun 'yan Katolika, don wasunmu na tsoron kai su, wasu kuma sun kai sun juya baya. To, abin da idona ya gani zan faɗa.

Waɗannan makarantu ba baƙi ba ne gare mu. Sistocin St. Louis sun sauka Kano daga ƙasar Ayalan a 1948, sannan a 1961 suka buɗe ta 'yan mata a Mokola, nan maƙwabtanmu a Ibadan. Ni ma na sa 'yata a wata irinsu.

Wata Asabar yarinyar nan ta ce in ba ta mudun shinkafa da sabulu biyu, wai za su kai asibiti. Wallahi gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, an fara janye mini ita. Ranar Litinin na rufe shago na tafi wajen shugabar. Ta zaunar da ni, ta yi mini bayani. Ashe a darasin addininsu akwai ayyukan jinƙai guda 7: ciyar da mai yunwa, shayar da mai ƙishi, tufatar da marar sutura, ba marar muhalli masauki, duba marar lafiya, ziyarar ɗan kurkuku, da binne mamaci. Ba haddacewa kawai suke yi ba. Abin da aka karanta a aji, sai a fita da yara su aikata shi da hannunsu.

Jama'a, na dawo gida jikina a sanyaye. Wanne ne cikin bakwai ɗin nan addininmu bai umarce mu da shi ba? Muna da zakka, muna da sadaka, muna da haƙƙin maƙwabci da na maraya. Amma a Islamiyyunmu yarinya za ta sauke Ahalari da Ishmawi, ba a taɓa riƙe hannunta an kai ta gaida marar lafiya ba. Ga tsofaffi nan a lungunanmu, waɗanda suka baro Arewa tun suna samari, yau babu mai ɗebo musu ruwa.

Ban ce a saki jiki ba fa. Makarantar tasu ce, addu'arsu suke yi safe da yamma. Amma sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Don haka kafin ka biya kuɗi, je ka da ƙafarka ka tambaya: ina za ta yi salla? Yaya azumi? Yaya suturarta? In amsar ba ta kwanta maka ba, nemi wata. In ka sa ta, kada ta bar Islamiyyar yamma, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Roƙona ga wannan ƙungiya guda ɗaya ne. Kowace Islamiyya ta ware rana ɗaya a wata, malama ta fita da 'yan mata su gaida marasa lafiya, su share wa tsofaffi ɗaki. Mu 'yan kasuwa mu ɗauki nauyin mota da sabulu. Ni na ɗauki watan farko.

Allah Ya shirya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.