Magira a Dandalinmu: Jawabin Shugabar Kwamitin Wasa



An ce in yi bayanin wasan da za a nuna bayan la'asar, da yadda ƙanwarmu ta shirya hawa matsayin Magira. Labarin Bayajidda kowa ya san bakinsa: ya zo Borno, ya auri 'yar Mai, ya gudo yamma, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama. Abin da ake saurin tsallakewa shi ne matar da ya bari a hanya da juna biyu. A Garun Gabas ya bar ta, nan maƙwabtanmu a ƙasar Malam Madori, ta haifi Biram, cikon Hausa Bakwai. Littattafan makaranta layi biyu suke ba ta. Mu kuwa muka ce ita za mu bi, shi ya tafi abinsa.

To, a nan aikin yake. Tun da labarin bai faɗi abin da ta ce ba, sai ƙanwarmu ta nemo shi a bakin mata. Ta zauna da gwaggonninmu waɗanda mazansu suka tafi ci-rani aka shekara ba aike, ta tambaye su yadda suke kwana, da abin da suke faɗa wa yaro idan ya ce ina Baba. Waƙoƙi uku da za ku ji daga wannan hira aka tsara su, ba na kowa muka ara ba. Ta je wajen wata dattijuwa Bamanga ta koyi gaisuwar Barebarci, don 'yar sarkin Borno ba za ta buɗe baki da Hausar Haɗejiya ba ranar da ta sauka. Tsagar fuska da kwalli aka zana.

Tafiya ma sai da ta koya. Mai takalmin roba da jarka daban take taku da mai tulu a kan gammo, ƙafa ba takalmi. Tulu biyu ta fasa, Allah ya ba mai su haƙuri. Kiɗa kuma ba piyano, ba lasifika mai ƙara: ƙwarya a kan ruwa da shantu, irin amadar da marigayiya Barmani Choge ta riƙe har rasuwarta a 2013. Rera waƙa da tulu a ka, numfashi bai yanke ba, wannan ya fi komai ba ta wuya.

Na san an yi magana a kan kuɗi. Wasu sun ce asusun da muke saro shinkafa da riɗi da shi ba na wasa ba ne, kuma suna da gaskiya. Ko kwabo ba mu taɓa ba. Zanen saƙi, baƙin rini, tasoshi da faifai duk daga adudun kakanninmu aka aro su.

Sauran magana ɗaya, kuma ita ta fi nauyi. Na ji ana ce mata 'yar fim a bakin rijiya. Mijinta ya amince, surukarta ce ma ta ɗaura mata zanen, kuma a gaban iyayenta za ta yi. Muna yara mun yi Mairama da Daudu a tashe, ba wanda ya zage mu. Don Allah wadda ta ji irin wannan maganar a unguwarsu ta amsa, kada ta bar yarinya ita kaɗai.

Masu kayan aro, Sakatariya ta rubuta sunan kowa, gobe da hantsi za a mayar har gida. Yara su zauna gaba, amma a bar hanyar da Magira za ta shigo.