Almiski Da Ciwon Huhu: Amsa Ga Mai Sauraronmu Na Babban Duhu

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga Babban Duhu, can wajen Safana da Batsari. Mai wasiƙar ya ce ɗansa mai shekara 3 yana tari, numfashinsa yana sama-sama, kuma an gaya masa likitoci sun gano almiski yana warkar da huhu. Shin ya ɗiga masa a hanci, ko ya ba shi ya sha?

To Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Amsa a taƙaice ita ce kada ka yi ko ɗaya.

Maganar da ka ji tana da tushe, amma an yi mata ƙari a hanya. Almiski na asali daga jikin namijin wata 'yar barewa ake samunsa, mai zama a duwatsun ƙasar Sin da maƙwabtanta, cikin wata jaka kusa da cibiyarsa. Ba shi ne jibdar da muka sani ba. Mutanen Sin sun daɗe suna sa shi cikin magungunan gargajiya, har suka fara kiwon barewar a 1958 saboda mafarauta sun kusa ƙarar da ita.

Masu bincike sun tace wasu ƙananan gutsattsarin furotin daga almiskin, suka gwada a kan ɓerayen da aka jawo wa kumburin huhu, suka ga kumburin ya ragu. Me ya sa wannan ya ja hankalinsu? Saboda idan cuta ta kama huhu da ƙarfi, jiki yakan wuce gona da iri wajen yaƙarta, ruwa ya cika 'yan buhunan iska, numfashi ya gagara. Rage wannan kumburi yana ceton rai. A 2020, lokacin korona, bincike a Ingila ya nuna maganin dexamethasone ya rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda na'ura ke taya su numfashi. Amma ka lura, shi a kan mutane aka gwada shi, a asibiti. Ɓera kuwa ba mutum ba ne.

Na biyu, almiskin kwalba da muke saye a kasuwa turare ne, yawancinsa haɗin masana'anta ne cikin mai. Idan man ya zarce cikin huhun yaro, shi kansa zai haddasa kumburin da muke gudu. Hayaƙin turaren wuta ma ƙara tarin zai yi.

Ga abin yi. Ɗaga rigarsa lokacin da ya natsu, ka ƙirga numfashinsa na minti guda. Ga ɗan shekara 1 zuwa 5, numfashi 40 ko fiye alamar ciwon haƙarƙari ne, wato nimoniya. Idan ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, ko ya kasa shan ruwa, ko leɓensa ya sake launi, a kai shi asibiti mafi kusa nan take. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku gaba, ko da zuwa Katsina ne. Mun san tafiyar dare a yankinku sai a hankali, saboda haka ku tashi da rana tsaka, kada ku jira ya tsananta.

Almiskin kuwa, ajiye shi, ka shafa wa yaro a riga ranar Juma'a idan ya warke. Muna jiran labari mai daɗi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.