Jawabi a Kan Riƙon Bindiga Domin Tsaron Rai da Dukiya, Wanda Anka Karanta ga Taron Malamai da Almajirai a Dogon Daji

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa, muna yin salati ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe da ƙauyukan da ke kewaye da su, ku sani mas'alar da munka taru dominta ita ce wagga: shin ya kamata talaka shi riƙe bindiga irin wadda ɓarawon daji ke riƙe da ita, don shi tsare kansa da iyalinsa, ko kuwa daidai ne hukuma ta hana shi? Manoma ke kawo wagga tambaya zaurukan malamai, don sun ga gonar da ba ta nomuwa, da shanun da anka kora, da ɗiyan da anka shiga daji da su sai an biya fansa. Wajibi ne a ba su amsa da hujja.

Fasali na farko, a kan hukuncin shari'a. Malamai sun haɗu a kan cewa shari'a ta zo ne don ta tsare abu biyar: addini da rai da hankali da nasaba da dukiya. Wanda yat tare hanya ko yaf faɗa ma gari da makami don shi ƙwace, shi ne muharibi, hukuncinsa kuwa shina cikin Suratul Ma'ida, aya ta 33. Malamanmu na Malikiyya sun ce idan da hali a fara gama shi da Allah shi bari, in ya ƙi a yaƙe shi, in kuwa ya riga ya auka ma mutane babu sauran jira. Hadisi ya inganta cikin Buhari da Muslim cewa wanda anka kashe shina kare dukiyarsa ya yi shahada. To, ƙa'ida ce sananniya ga masu usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. Ku auna da kanku. Ɓarawo shina ɗauke da AK-47 mai cin harsashi 30 a ɗuri guda, manomi kuwa shina da bindigar toka, wadda mutane ke ce ma harba-ka-ruga, in ya harba sau ɗaya sai ya zauna ya sake ɗura albarushi. Wanda yac ce ma manomi shi kare kansa da wagga, ya ba shi izini ne ya hana shi hali.

Fasali na biyu, a kan asalin hanin. Ƙasarmu ta ginu ne bisa ribaɗi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zaunar da jama'a garuruwan iyaka, shi kansa yaz zauna Wurno, ɗan'uwansa Buhari ɗan Shehu kuwa yar riƙe Tambuwal. Mutanen ribaɗi manoma ne da masunta da malamai, kowa da bakansa da mashinsa a ɗaka, in an buga kuge su fito bayan shugabansu. Hanin makami daga waje yaz zo. A shekara ta 1890 ƙasashen Turawa sunka taru a birnin Burasal sunka ƙulla yarjejeniyar taƙaita sayar ma mutanen mafi yawan Afirka bindigogi na zamani. Da rundunar Ingilishi taz zo Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, da igwa da bindiga mai ruwa taz zo, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru kuwa mafi yawansu takobi da mashi da baka gare su. Kun san yadda ranar taƙ ƙare.

Dokar bindiga da ake aiki da ita yau an kafa ta ne a 1959, tun Turawa ba su tafi ba. Ta kasa bindigogi kashi uku. Na farko irin na soja, ba mai riƙe su sai da izinin shugaban ƙasa. Na biyu irin na farauta, izininsu ga babban sufeton 'yan sanda. Na uku bindigar toka, izininta ga kwamishinan 'yan sanda na jiha. Doka ce da anka yi ma zamanin da ɓarawo ke zuwa da sanda da wuƙa cikin dare. Zamani ya juya. Tun da mulkin Gaddafi yaf faɗi a Libiya a 2011 makamai sunka watsu cikin hamada har sunka iso dazuzzukanmu, ɓarawo kuwa bai taɓa zuwa ofis neman takarda ba. Saboda haka dokar ba ta ɗaure kowa ba sai mai bin doka.

Fasali na uku, a kan abin da masu mulki sunka faɗa da bakinsu. Tsarin mulkin Nijeriya, sashi na 14, ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu shi ne farkon aikin gwamnati, sashi na 33 kuwa ya yarda mutum shi kare rai da dukiya da ƙarfi gwargwadon buƙata. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya ce ma jama'arsa su nemi makami su kare kansu. A watan Yuni 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce mutane su nemi izinin riƙe bindiga, sai babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, yac ce gwamna ba shi da wanga iko. A Maris 2021 kuwa an riga an ba da umurni daga fadar shugaban ƙasa a harbe duk wanda anka gani da AK-47 ba bisa ƙa'ida ba. Talaka ya zama kamar wanda anka ce ma shiga rijiya, kada ka jiƙe. Cikin wagga shekara ta 2021 anka kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. A Nuwamba 2024 mutanen Mera ta ƙasar Augie sunka bi sawun Lakurawa don su ƙwato shanunsu, anka kashe musu fiye da mutum 10. Zuciya ba ta gaza musu ba, makami ne yag gaza.

Fasali na huɗu, a kan hujjar masu hanawa, kuma hujja ce mai nauyi wadda ba a yi mata dariya. Suna cewa in makami ya yawaita jini zai yawaita, suna kawo misalin 'yan sa-kai waɗanda sunka riƙa kashe Fulani a kasuwanni ba da shari'a ba, har gwamnatin Sakkwato tah haramta ƙungiyarsu a 2021. Wanga gaskiya ne, kuma duk wanda yak kashe makiyayi don yarensa ko kamanninsa, shi ma muharibi ne, jinin shina wuyansa. Manzon Allah ya hana ko nuna ma ɗan'uwa makami da wasa, balle kisa bisa zato. Amma ku duba inda ɓarnar tat taso: makami ne babu rajista, babu shugaba, babu alƙali a bayansa. Ba a hana wuta shiga gida don gobara, murhu ake gina mata. A Maiduguri a 2013 samarin gari sunka tashi, waɗanda ake ce ma ƙato da gora, sunka yi aiki tare da soja har anka kori Boko Haram daga unguwanni. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara da Sakkwato sunka ƙaddamar da nasu a 2024. Hukuma da kanta ta yarda ke nan gari shi tsare kansa. Abin da yar rage shi ne ta yarda shi riƙe abin da zai iya tsarewa da shi.

Fasali na biyar, a kan abin da muke nema. Muna roƙon wakilanmu na majalisar tarayya su gyara dokar 1959, a ba amintattun mutanen gari izinin riƙe bindiga mai tsayawa gaban ta ɓarawo, bisa waɗanga sharuɗɗa. A zaɓi mutum da shaidar mai unguwa da hakimi da liman, baligi mai hankali wanda ba a san shi da shaye-shaye ko husuma ba. A rubuta lambar kowace bindiga da sunan mai riƙe da ita, a ƙidaya harsashi fita da komowa. Soja ko 'yan sanda su koya musu, su zama ƙarƙashin umurninsu. Kada a fita da ita zuwa kasuwa ko biki ko taron siyasa, kada a bi kowa da ita don ramuwa. A sa Bahaushe da Bafillace da Bazabarme cikin runduna guda, don kada ta zama ta ƙabila. Wanda anka kama a miƙa shi ga alƙali da ransa. Wanda yas saɓa a karɓe bindigar a hukunta shi gaban jama'a.

Kafin a samu wanga, ya ku almajirai, kada ɗayanku shi sayi makami hannun masu fasa-ƙwauri, don kuɗinsa aljihun waɗanda ke sayar ma ɓarayi za su koma, shi kuwa ya jefa kansa hannun hukuma. Ku nemi izinin abin da doka ta yarda da shi yanzu, ku taimaki masu gadin gari da abinci da labari, ku tona asirin masu kai ma ɓarayi rahoto ko da 'yan'uwanku ne. Ku kuma, malamai, ku rubuta ma hakimai da wakilai, ku sa hannu gaba ɗaya, ku karanta wagga takarda a zaurukanku ga waɗanda ba su halarta ba.

Allah shi tsare garuruwanmu, shi komo da waɗanda ke tsare a daji ga iyalansu, shi jiƙan waɗanda anka kashe, shi ba shugabanninmu ikon yin adalci. Allah ne mafi sani. Tammat.