Abin da Ke Biyo Baya Idan Mutum Ya Daina Biyan Bashin da Aka Sake Tsara Masa



Maganar da ta tara mu yau maganar bashi ce. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka kada wani ya ɗauka da shi ake. Abin da nake so mu duba shi ne halin mutumin da ya ci bashi, biya ya gagare shi, aka zauna da shi aka sassauta masa, aka tsara masa yadda zai riƙa biya kaɗan kaɗan, ya sa hannu, ya fara biya, sa'an nan a tsakiyar tafiya ya tsaya. Da yawa daga cikin masu yin haka suna zaton sun koma inda suke ne kafin a yi zaman. To, lalle ba haka abin yake ba. Sun faɗa cikin halin da ya fi na da muni.

Yadda yarjejeniyar take

Idan banki ko wata hukuma mai ba da rance ta ga wanda take bi ya shiga matsi, takan yarda a sake tsara bashin. Akan ƙara masa lokaci, ko a rage abin da zai riƙa biya duk wata, ko a yafe masa wani ɓangare na kuɗin ruwa da tarar da suka hau kansa. Akan rubuta wannan a takarda, kowa ya sa hannu. Idan magana ta riga ta kai kotu, akan miƙa wa alƙali sharuɗɗan sulhun ya tabbatar da su, daga nan sun zama hukuncin kotu.

A cikin irin waɗannan takardu kusan kullum akwai wani sharaɗi wanda mutane ba su cika lura da shi ba, watau cewa duk sassaucin da aka yi ya rataya ne a kan ci gaba da biya. Ranar da aka saɓa, sassauci ya faɗi, kuma mai bin bashi yana da ikon neman dukan abin da ya rage a lokaci guda.

Bari in ba ku misali. A ce ana bin wani ɗan kasuwa Naira 1,500,000. Aka zauna, banki ya yafe masa 300,000, aka ce ya biya sauran 1,200,000 cikin wata 12, watau 100,000 kowane wata. Ya biya wata 7, ya ba da 700,000 ke nan, saura 500,000. Sai kasuwa ta ja baya, ya daina biya, ya kuma daina ɗaukar wayar manaja. A lissafinsa 500,000 ake binsa. A lissafin takardar da ya sa wa hannu kuwa, 300,000 ɗin da aka yafe sun dawo, ana binsa 800,000, ga ruwa yana ci gaba da hawa, ga tarar jinkiri a kai. Ƙa'idojin Babban Bankin Nijeriya da suka fara aiki a 2020 sun yarda banki ya ɗora tarar da ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba a kowane wata a kan abin da aka kasa biya, ban da ruwan da ke tafiya. Wahalar wata 7 da ya sha yana biya ta rage bashin, amma rangwamen da ya samu ya salwanta.

Matakan da kan biyo baya

Na farko, sunan mutum yakan ɓaci a wurin masu ba da rance duka. A ƙa'idar Babban Banki, bashin da ya kwana 90 ba a biya ba ana lissafa shi cikin basussukan da suka tsaya. Bankuna kuwa wajibi ne su kai rahoton masu cin bashi ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin jama'a, waɗanda dokar da aka kafa a 2017 ta tsara aikinsu. Duk bankin da mutum ya je neman rance nan gaba sai ya duba wannan tarihi tukuna. A da mutum kan ci bashi a Kano ya tsere Ikko ko Ibadan ya buɗe sabon asusu, ba wanda ya san shi. Tun da aka fito da lambar BVN a 2014, wadda ta haɗa dukan asusun mutum da hoton yatsunsa, wannan hanya ta toshe.

Na biyu, ana iya ɗebe kuɗin mutum daga wani banki dabam. Daga ranar 1 ga Agusta, 2020, wani tsari na Babban Banki da ake kira GSI ya fara aiki. Mai karɓar rance yakan sa hannu tun farko cewa idan ya kasa biya, bankin da ke binsa yana da izinin cire uwar kuɗin da ruwanta daga duk wani asusun da ke ɗauke da lambarsa ta BVN, ko a wane banki yake. Sau da yawa mutum bai san an yi ba sai ya je cire kuɗin makarantar yara ya tarar babu.

Na uku, wanda ya tsaya wa mutum ya shiga uku. Mai tsayawa ya sa hannu ne a kan cewa in wanda ya tsaya wa bai biya ba, shi zai biya. Yawanci kuwa wa ne mai tsayawa? Ɗan'uwa ne, ko suruki, ko abokin aiki, ko maigidan da ya yarda da yaronsa. Kowa a nan ya san zumuncin da ya lalace ta wannan hanya.

Na huɗu, jingina takan tafi. Idan takardar gida ko ta gona ce aka ajiye, mai bin bashi yana iya bin hanyar da doka ta tanada ya sayar. Tun 2017 kuma akwai dokar da ta ba da damar jinginar da kayan da ake iya ɗauka, kamar injin niƙa, da mota, da dabbobi, da kayan shago, a kuma rubuta su a rajistar ƙasa. Kayan da aka sayar a gwanjo ba safai suke yin kuɗinsu ba. In kuɗin ya zarce bashin, ragowar ta mai kaya ce. In bai kai ba, ana ci gaba da binsa cikon, ga shi kuma ya rasa abin da yake sana'a da shi.

Na biyar, sai kotu. Wanda sulhunsa ya riga ya zama hukunci, ba a bukatar sake doguwar shari'a da shi. Mai bin bashi zai nemi kotu ta zartar da hukuncin kawai, ma'aikatan kotu su zo su kwashe kaya, ko a umurci bankin da kuɗinsa ke ciki ya miƙa su. Kuɗin lauya da na kotu ma sau da yawa a kansa suke ƙarewa.

Akwai kuma wani haɗari da ya kamata in ja kunnenku a kai. Wasu masu ba da rance sukan karɓi cek na watanni masu zuwa a hannun wanda suke bi. Dokar da aka kafa a 1977 ta mai da ba da cek alhali babu kuɗin da za su biya shi a asusu laifi ne, hukuncinsa ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Ta haka maganar da ta fara a kan kuɗi takan koma maganar gidan yari.

Masu hulɗa da bankunan da ba sa karɓar ruwa su ma su sani, rashin ruwan bai kuɓutar da su daga sauran matakan nan ba.

Zancen "kuɗin gwamnati ne"

Manoma, wannan taku ce. Akwai masu cewa rancen noma rabonsu ne daga arzikin ƙasa, ba sai an biya ba. Asusun lamunin rancen noma da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1977 yakan biya banki har kashi 75 cikin 100 na abin da manomi ya kasa biya. An yi haka ne domin bankuna su saki jiki su ba manoma rance. Wannan bai sauke wa manomin nauyi ba, sunansa yana nan cikin waɗanda suka ƙi biya. Daɗin daɗawa, kuɗin da ka mayar bana su ne za a ba maƙwabcinka baɗi. Idan ƙauye ya yi suna wajen ƙin biya, har masu gaskiyar cikinsa sai su nemi rance su rasa.

Darasi daga ƙasarmu

Abin da ke samun mutum ɗaya ya taɓa samun Nijeriya kanta. An sake tsara mana bashin da ƙasashen Ƙungiyar Paris ke binmu a 1986, da 1989, da 1991, da kuma 2000. A shekarun 1990 ba a riƙa biya yadda aka yi alkawari ba, ruwa da tara suka yi ta taruwa, har bashin ya kai wajen dala miliyan dubu 30. Sai a watan Oktoba na 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, da Ngozi Okonjo-Iweala tana Ministar Kuɗi, aka cim ma yarjejeniyar da aka yafe dala miliyan dubu 18, Nijeriya ta biya fiye da miliyan dubu 12, aka kammala a watan Afrilu na 2006. Ku lura da abu biyu. Shekarun da aka yi ba a biya ba sun ƙara wa bashin nauyi ne kawai. Rangwamen kuma bai samu ba sai da aka koma aka zauna da masu bin bashin, aka yi alkawari, aka cika shi.

Haƙƙin wanda ake bi

Kada wannan bayani ya sa wani ya zaci wanda ake bi bashi ba shi da gata. Kasa biyan bashi kaɗai ba laifin da ake kama mutum a kansa ba ne. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma doka ta hana a kama matarsa ko ɗansa a madadinsa. Yana da ikon neman cikakken lissafin bashinsa a rubuce. In ya ga an yi masa ƙari, ya fara kai kuka ga bankin a rubuce, in ba a share masa hawaye ba ya kai ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Abin da ya kamata a yi

Tun ranar zaman farko, kada ka yarda da adadin da ka san ba za ka iya biya ba don kawai a rabu lafiya. Ka lissafa abincin gida da haya da magani tukuna, abin da ya saura shi za ka yi alkawari a kai. Manomi ya nemi a daidaita lokacin biya da kaka. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an karanta maka takardar an fassara maka, musamman wurin da ya faɗi abin da zai faru in ka saɓa. Ka karɓi kofenka, ka kuma adana rasiɗin kowane biya.

In kuwa ka hango watan da ba za ka iya cikawa ba, saboda ciwo, ko gobara, ko ambaliya, ko rasa aiki, ka je wurin mai binka kafin ranar biya ta zo. Ka rubuta masa dalili, ka kai shaida, ka biya abin da ya sawwaƙa, ka nemi a ɗaga maka ƙafa ko a sake tsari, kuma duk abin da aka amince a kai a rubuta shi. Ka sanar da wanda ya tsaya maka, kada ya ji a bakin banki. Kada ka ci sabon bashi mai tsadar ruwa don ka toshe tsohon, musamman irin wanda ake bayarwa ta wayar hannu. Banki ya fi son kuɗinsa su dawo ko da a hankali a kan ya shiga wahalar shari'a da gwanjo, saboda haka wanda ya zo da ƙafarsa yakan sami kunnen da wanda aka nemo ba ya samu.

Jama'a, ina roƙonku ku isar da wannan bayani ga waɗanda ba su sami zuwa ba, a kasuwa da majalisa da gida. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya rufa mana asiri, ya ba masu bashi ikon biya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da wadata.