Allah Uku Cikin Ɗaya da Addu'ar Mai Bi



Maƙwabtanmu sukan tambaye mu, "Ashe alloli uku kuke bauta wa?" A'a. Allah ɗaya ne, kamar yadda Maimaitawar Shari'a 6:4 ta koyar.

Gardamar ba sabuwa ba ce. Ariyus, wani dattijon ikkilisiyar Iskandariya, ya koyar da cewa Ɗan halitta ne. A shekara ta 325 shugabannin ikkilisiya suka taru a Nikiya, suka ƙi koyarwarsa. A 381 kuma, a Kustantiniya, suka tabbatar da Allahntakar Ruhu Mai Tsarki. Da Yesu halitta ne, da sujadar da muke yi masa ta zama bautar gumaka.

To, ina amfanin wannan ga mai durƙusawa? Afisawa 2:18 ta nuna hanyar: muna zuwa wurin Uba, ta wurin Ɗa, cikin Ruhu. Sa'ad da baƙin ciki ya ɗaure maka harshe, Ruhu yana roƙo dominka (Romawa 8:26), Yesu ma haka (Ibraniyawa 7:25). Saboda haka kada ka fasa addu'a don ka rasa kalmomi.

Ubangiji ya riƙe ikkilisiyarsa. Amin.