Jawabi Kan Abin da Ke Fasa Ƙaramar Bindiga

Ba safai ƙaramar bindiga kan fashe don kanta ba. Galibi laifin harsashi ne. A Amurka, inda ake yawan ɗura albarushi a tsohon kwanso saboda araha, masana sun lura da dalilai uku.

Na farko shi ne zuba albarushi awo biyu a kwanso ɗaya bisa kuskure. Harsashi mai faɗin milimita 9 an ƙayyade masa matsin da bai wuce laba 35,000 a kowane inci murabba'i ba. Idan aka ninka albarushi, sai matsin ya fi ƙarfin bindigar, ta tarwatse a tafin mai ita.

Na biyu kuwa ƙarancin albarushi ne. Harsashi yakan maƙale a bututun bindiga, maharbi bai ankara ba ya sake jan kunama, na baya ya tarar da hanya a toshe, bututun ya tsage.

Na uku, kwanson tagulla yana raunana duk lokacin da aka sake cika shi, har wata rana gindinsa ya yage, wuta ta feso wa maharbi a hannu da fuska. Saboda haka ne kamfanoni irin su Glock ke gargaɗin a guji irin wannan harsashi.

Maharbanmu masu danƙara wa bindigar toka albarushi su ma gargaɗin ya shafe su. Wanda ya ji ƙarar harbi ta yi rauni, ya dakata ya duba. Araha dai ba ta ado, yatsa kuwa ba ya tsirowa.